Kwamfuta Ta Kai Kakan Amarya Gidan Ango

'Yata Roseline mai shafin ba da shawara, ki taimake ni, tsoro ya hana ni cin tuwo. Ban yi boko ba, Catherine sakatariyar ƙungiyar ƙauyenmu ce ke rubuta abin da nake faɗa.

Tun shekarar da motoci suka koma bin hannun dama babana ya rasu, ya bar mini riƙon sunaye. Gida huɗu ne mu a wajen Zonkwa, kuma wa ya haifi wa, duk a kaina yake. A wurinmu 'yan gida ɗaya ba sa auren juna, shi ya sa kafin fasto ya yi sanarwar aure sai an zo gabana. Ban taɓa kuskure ba, ko maƙiyina ya shaida.

Bara idona ya fara hazo. Peculiar, jikanyar ƙanena da ke aikin kwamfuta a Kaduna, ta haɗa mana wani abu wai manhaja. Ni in kira suna, Catherine ta rubuta, ta danna maɓallin gidan mutumin, ya shiga. Mun yi kwana uku muna zuba mutanen gidan Kambai kafin a gaya mini wai maɓallin gidan Arzika ne a sama, na Kambai a ƙasa. Kambai fa shi ne babban wa! Shi ke fara shan ruwa a taro. Na buga sanda na ce ba zan ƙara kiran ko suna ɗaya ba sai an sa babba a sama. Peculiar ta ce Kaka ka bari sai na dawo, motar Kaduna na jira. Na ƙi. A tsaye ta gyara, jaka a kafaɗa, ta tafi.

Yanzu Yafet, ɗan gidan Kambai, zai auri Zipora 'yar gidan Arzika. An yi sanarwa sau ɗaya. Da aka buga takarda daga kwamfutar, sai ga kakan Zipora zaune cikin gidan Kambai tare da Yafet. Dattawa suna ta kallona. Wani ya ce ƙarfe ba ya tsufa, mutum ne ke tsufa. Catherine ta rantse Arzika ta danna. To ko ni ne? In kaina ya fara zuba, aure nawa na ɓata ban sani ba? In kuma ina daidai, takardar za ta fi ni daɗewa a duniya. Ban kira Peculiar ba, kada ta ce tsohon ya rikice.

Gobe da safe zan sa a ɗauko kwamfutar in kulle a rumbuna. In ban ji daga gare ki ba kafin sanarwa ta uku, zan je in ce wa fasto ya tsayar da auren.

Tsoho mai riƙon sunaye

*

Baba, ka kwantar da hankalinka, kada ka je wurin fasto tukuna. Ban ga manhajar ba, amma ina zargin ranar da aka yi gyara a tsaye.

Kowane maɓalli yana da rubutun da ido ke gani, yana kuma da sunan ciki wanda mai haɗa manhaja ke kiransa da shi. A jikin sunan cikin ake ɗaura aikin da zai gudana idan an danna. Masu sauri kan bar sunayen ciki yadda suka zo, maɓalli na ɗaya, maɓalli na biyu. In Peculiar rubutun waje kawai ta musanya, to wanda yanzu ke cewa Arzika har yau gidan Kambai yake kai mutane. Yafet ya shiga kafin gyaran, kakan Zipora bayansa. Ka ga yadda za su haɗu ba tare da kai ko Catherine kun yi kuskure ba.

Gwajin ba wuya. A fara kwafe bayanan a ajiye gefe. A gaban dattawa, Catherine ta rubuta sunan da babu mai shi, ta danna Arzika, a duba inda ya sauka. In Kambai ya faɗa, an wanke ka.

Sannan ka kira jikarka. Tana da nata laifin, don ba a taɓa maɓalli a tafi ba a gwada ba. Ta ba kowanne sunan ciki na gidansa, ta duba aikin da ke ɗaure da shi, ta sa manhajar ta riƙa tambaya kafin ta ajiye, Catherine ta karanta maka da ƙarfi. Duk sunan da ya shiga bayan ranar nan a sake bi. Kai ma kana da naka, Baba. Girman Kambai gaskiya ne, amma da ka jira ta dawo bai ragu ba.

In kuma gwajin ya nuna manhajar lafiya take, ka zauna da tsofaffin matan gidajen biyu kafin ka yanke komai. Mantuwa ɗaya ba ta rushe shekara hamsin.

Rumbu na hatsi ne, ɓera zai ci wayoyin. Ubangiji ya ƙara maka lafiya, ya sa ka ci shinkafar bikin nan da zuciya ɗaya.

Roseline