Kada a Zare Wayar Ɗakin Dakta

Jama'a, ku fara ba ni amsa: wace ma'aikaciya ce uwar ɗakinta ta rasu kwana uku, ba a gaya mata ba, tana ta aiki ba ta ɗaga kai ba?

Cikin alhini da mutuwar jiki, mu 'yan Ƙungiyar Masu Shara da Goge-goge ta Cibiyar Bincike muka samu labarin rasuwar jikarmu abar alfaharinmu, Hajiya Dakta, Babbar Mai Bincike ta hawa na biyu, wadda muke kira Kar-a-Taɓa, ranar Lahadi bayan gajeriyar jinya.

Marigayiya ta shekara shida tana aikin zinariya, ni kuwa na shekara shida ina share ƙarƙashin teburinta ban tsinci ko ɗan kunne ba. Zinariyar tata a cikin kwamfuta take: ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, ta zana su tana kallon yadda suke tunkarar tantanin da ya lulluɓe ƙwayar halittar jikin mutum, ko za su ratsa shi ɗauke da magani ba tare da sun yaga shi ba. Na sha tsokanar ta cewa baƙin nata sun cika nauyin baki, wata da watanni suna bakin ƙofa, ba su shiga ba, ba su koma ba.

Ba za mu manta ranar da wata daga cikinmu, ba zan kama suna ba amma ita ke rubuta wannan takarda, ta zare wayar kwamfutar daga bango don ta jona injin goge ƙasa, lissafin mako uku ya bi iska. Dakta ba ta kai ƙara ba. Ta yi kukanta ta share, ta jawo mana kujeru, ta koya mana karanta allon kwamfutar.

Ga abin da ya hana mu zama. Mai kula da kaya ya liƙa takarda cewa jibi za a kwashe ɗakin, alhali ranar gama lissafin ƙarshe, wadda marigayiya ta rubuta da hannunta ta manna a jikin allon, ba ta zo ba. Muna roƙon Mai Girma Shugaban Cibiya, Farfesa, da mai gidan marigayiya, Injiniya, su sa baki kafin jibi. Na shaida wa mai kula da kaya cewa makullin ɗakin ya ɓata. Allah Ya yafe mini, yana ƙuguna.

Muna miƙa ta'aziyya ga mahaifinta, Alhaji, da mai gidanta da 'ya'yanta biyu. Allah Ya jiƙan ta, Ya haskaka kabarinta, Ya ba ku haƙurin da mu ma muke nema.

Ma'aikaciyar nan kwamfutar Dakta ce. Fankarta na juyawa, saura mata kwana tara.

Sa hannu:
Iya Mai Makullai
Mai Magana da Yawun Ƙungiyar Masu Shara da Goge-goge