Saƙon "Lafiya Lau" ga Mai Tirela

Kawu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Na rubuto ne na ba ɗan aike, don kunnenka da waya ba sa ga maciji. Na yi ɓarna, Kawu.

Ka san ni na rubuta manhajar da ke tura wa marasa lafiya sakamakon gwaji ta imel a asibitinmu. Jiya ina gwada ta, na manta tana haɗe da sabar gaske, wato na'urar da ke fitar da wasiƙun. Saƙon gwajin ya tafi wa mutum ɗari biyu da sha ɗaya. Abin da na rubuta a ciki shi ne, "Sakamakonka lafiya lau." Inna ta hana mu mugun fata ko da wasa, shi ya sa.

Mutum tara a cikinsu ba lafiya lau ba ne. Na tura gyara, sabar ta toshe mu, wai mun cika aike, sai jibi. Mun samu takwas a waya. Saura wani direban tirela, wayarsa a kashe, kuma likita ta ce zuciyarsa na iya tsayawa yana kan sitiyari. Lambar motarsa na bayan takardar nan. Babu wanda ya kai ka sanin garejin masu tirela.

Taka 'yar, cikin tsoro.

'Yata,

Bayan gaisuwa. Da ma na ce injin da ke aika wasiƙa babu mai karantawa zai jawo magana. An ce direban ya gama lodin siminti, yau zai kama hanya. Na ɗauki sandata. Ki ci abinci.

Kawunki.

Kawu,

Barka da rana. Matarsa ta amsa imel ɗin. Godiya take yi, wai wata uku rabonsu da barci mai daɗi, har ya zubar da magungunansa. Na amsa mata da gaskiyar magana, saƙon ya maƙale a layi. Don girman Allah, ko me zai ce, kar ya tayar da motar nan.

Taka.

'Yata,

Na same shi. Na yi masa wayon tsofaffi, makullin motar na aljihuna. Amma bakina ya kasa faɗa masa gaskiya. Ya sa an buga masa saƙonki na farko a takarda, tun ɗazu yake bi rumfa-rumfa yana nuna wa direbobi, yana dariya.

Ki taho da likita yanzu. Ya fara laluben aljihunsa.

Kawunki.