Kurnar Madam Hilda

Al Muntazah, Doha
Yuni, 2020

Maman Nasidi,

Assalamu alaikum. Ya kike, ya yara, ya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, sai gajiya.

Zuwana bana ya faskara, korona ta rufe hanya. Madam Hilda, Baturiyar Ingila da nake tuƙawa, ita ma likita ya hana ta fita, ga idonta yana ta dushewa. Shekara arba'in tana zanen daji, tun daga tsaunukan ƙasarsu har ta ƙare a wani kwari a bayan Doha mai kurna guda ɗaya. So take ta gama zanen kwarin nan kafin idon ya tafi, shi ne duk Asabar take aika ni in dubo in ba ta labari.

Bilkisu, an tuge kurnar. An baje wurin, za a yi filin ajiye motoci saboda gasar ƙwallo. Na kasa faɗa mata. Sai in zauna a mota, in dawo in shara mata abin da ya zo bakina. Allah ya yafe min.

Mijinki,
Surajo

Disamba, 2022

Maman Nasidi,

Ina gaishe ki da yara, da fatan Inna ta samu sauƙi. Gari ya cika da 'yan kallon ƙwallo, ni kuwa wallahi na gaji.

Kin sha tambayata me ya hana ni zuwa bayan an buɗe hanya. Tsoro nake ji kada wani direban ya gaya mata gaskiya.

Madam za ta koma Ingila, ko launi ba ta bambancewa yanzu. Jiya ta buɗe min zanen. Ba kwarinta ba ne, Bilkisu. Fadamar bayan gidanku ce a Kazaure, da duwatsun, da kukar, da rijiyar da na fara tare ki. Ashe duk Asabar labarin gida nake ba ta ban sani ba.

Ta ce tun ranar da na ambaci kuka ta gane, don ba ta taɓa ganin kuka a Qatar ba. Shi ya sa ba ta taɓa cewa in kai ta ba. Wurinta ya tafi, nawa yana nan, sai ta zana nawa. Ta ba ni, wai in je in duba ko ta yi daidai. Na yi hawaye a gabanta, ban ji kunya ba.

Ina tafe ƙarshen wata. Kada ki bari kowa ya taɓa kukar nan kafin in iso.

Naki har kullum,
Surajo