Labulen Shagonmu Ya Je Osaka Ya Dawo

Matsumoto, tsakiyar watan Afrilu

Zuwa ga ɗana Naoyuki,

Gaisuwa mai tarin yawa daga mahaifiyarka, tare da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Ikumi da jikata Hinako, kuma zafin Alkahira bai fara gasa ku ba tukuna. Kullum da safe in na kunna turare a gaban hoton kakanninku sai na ambaci sunayenku ɗaya bayan ɗaya, ina roƙa muku lafiya, kai kuma ina roƙa maka tsari a aikin nan naka na haƙa hanyar jirgi a ƙarƙashin ƙasa. Mu nan kowa lafiya. Ƙanƙara ta narke a cikin gari, saura wadda ke kan duwatsu. Gwiwar babanku tana nan yadda ka san ta, bakinsa ma haka. Gwaggonka Setsu ta baro asibiti har ta soma faɗa da maƙwabta, ka ga kuwa sauƙi ya samu.

Da ka tambaye ni a waya yadda tafiyarmu ta Osaka ta kasance na ce maka lafiya lau kawai. Babanku ne ke zaune kusa da ni, ya buɗe jarida yana kasa kunne. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, don labarin ya fi ƙarfin waya, kuma in ban faɗa wa wani ba cikina zai fashe.

Kai dai abin da ka sani shi ne kun haɗa mana tafiyar ne kai da yayarka Chizuru don babanku ya cika shekara saba'in, mu je mu ga furen itatuwan sakura, mu ci girkin wasu sau ɗaya a rayuwa. Abin da ba ka sani ba, wani babban otal a Tokyo ya nemi yayarka ta je ta riƙe musu sashen taliya, suna jiran amsarta kafin hutun watan Mayu. Ta ce min wannan tafiyar ce gwajin ƙarshe: in babanku ya bar ta ta buɗe shagonmu ita kaɗai a bayansa, za ta zauna, in kuwa ya ƙi, za ta haɗa kayanta. Ban ga laifinta ba. Tun tana budurwa take kwaɓa garin soba, wanda muke yin taliyarmu da shi, a bayansa, amma har yau in wani ya yaba taliya sai ya ce ai yarinyar tana kan koyo. Yarinya, mace da furfura a gefen kunne! Shi kuwa kunnensa na bakin ƙofa, yana jiran ranar da za ka gaji da haƙa rami a ƙasar mutane ka dawo ka karɓi wuƙar yanka taliya. Ni da kai mun san ba ranar.

Ya kamata in sha jinin jikina tun da na ga ya amince da tafiyar ba gardama. Mutumin da bai san inda safarsa take ba, sai ga shi ya ce shi zai shirya akwatinsa da kansa. Muna cikin jirgin ƙasa saƙon Chizuru ya shigo min, wai ta duba ko'ina ba ta ga labulen ƙofa ba, gorar da ake rataya shi ce kawai a jingine. Muna isa masauki ya shiga wanka, ni kuma na buɗe akwatin. Ga shi nan a can ƙasa, ƙarƙashin singiletinsa, an naɗe shi tsaf, shuɗin labulen nan na kakanku mai sunan shagon da farin rubutu. Naoyuki, nan take na gane nufinsa. Ka san mutanenmu, ko ƙofa a buɗe take, ko ƙamshin romo ya cika layi, ba wanda zai taka shagon da ba a rataya labulensa ba. Bai ce mata kada ta buɗe ba, ya dai ɗauke shagon ne ya sa a akwati ya taho da shi.

Na fita baranda na kira ta. Na ce bari in faki idonsa in aiko mata da shi, gobe yana hannunta. Ta ce a'a, Mama, labulen sata ba ta so, kuma ba za ta ɗinka wani ba, ba za ta roƙe shi ba. Wai in rufe akwatin yadda na same shi, in je in ci abinci mai daɗi, ai an riga an biya. Muryarta ko rawa ba ta yi ba. Ni ce na tsaya ina sharar hawaye da hannun riga, haushin uban da alfahari da 'yar duk sun cakuɗe min.

To, na bi maganarta, na ci abinci kamar da gayya. Osaka kuwa ta yi kyau, ba zan ɓoye ba. Furanni sun buɗe sarai a kewayen tsohuwar fada, ko'ina an shimfiɗa tabarmi ana ciye-ciye, iska na kaɗo furen cikin kwanon mutane. Mun shiga kwale-kwale a kogi, mun bi doguwar kasuwar nan mai rufi wadda ba a ganin ƙarshenta. Mutanen garin ka san su da baki. Wata mai sayar da wainar kabeji ta dube mu ta ce wa babanku ina ya samo yarinya ɗanya haka, ya yi hattara kada a ƙwace masa. Na ƙara faranti ɗaya saboda wannan magana. Shi kuwa duk inda muka zauna sai ya sami abin kushewa. Romonsu wai ruwan wanke kwano ne, taliyarsu mai kauri wai ta marasa haƙori ce. Ya jefa ƙosan nan nasu mai naman teku a baki da zafinsa, duk da na ce ya hura, idonsa ya kawo ruwa, ya ce ƙurar fure ce. Kowane shago muka wuce sai ya rage tafiya ya duba labulen ƙofarsu, ni kuma in yi kamar ban gani ba.

Ana gobe za mu wuce Kyoto ya ce mu je mu gai da Tatsuzo. Ba lalle ka tuna shi ba, shi ne wanda suka koyi sana'a tare suna samari, daga baya ya tafi Osaka ya buɗe nasa shagon. Babanku ya daɗe yana ce min a duk ƙasar nan hannu biyu ne suka iya taliya, nasa da na Tatsuzo, kuma yau zan ci abinci na gaske. Muka sha yawo a lungu kafin mu gane wurin, don ƙofar ƙarfe ce a sauke, da 'yar takarda manne a jiki wadda rana ta cinye rubutunta. Da ƙyar na karanta: an rufe na ɗan lokaci.

Tatsuzo na nan a saman bene shi kaɗai, matarsa ta rasu, hannunsa na dama yana karkarwa. Ya yi murna da mu ƙwarai, yana ta kiran babanku mai kan dutse, wai har yanzu mutuwa ba ta sami hanyar Matsumoto ba? Ya sauka da kansa kantin bakin layi ya sayo mana dafaffiyar taliyar da ake sayarwa a roba, ya juye a kwanukansa masu kyau, yana dariya yana cewa mu ci, wannan ce sabuwar fasaharsa. Ya ce yaron da ya yi shekaru a hannunsa ya gaji da jiran a ce masa ya iya, ya tafi wani gari, yanzu layi ake yi a ƙofarsa. Ina cikin sauraro idona ya kai kusurwar ɗaki. Wata ƙatuwar kyanwa ce kwance a kwali, an shimfiɗa mata wani shuɗin ƙyalle mai farin rubutu, labulen shagonsa, duk gashi ya manne masa. Tatsuzo ya bi idona ya ce ai ita ce mai cinikinsa ta ƙarshe, kuma ba ta taɓa kushe romo ba. Sai ya juya ya tambayi babanku wa ya bar wa shago a makon fure, lokacin da gari ke cike da baƙi. Babanku ya ce an rufe, na ɗan lokaci ne. Tatsuzo ya ce madalla, shi ma haka ya rubuta.

Da yamma muka shiga gidan tsiren nan da ake soyawa, inda kowa ke tsomawa a kwanon miya ɗaya. Ko yaron goye ya san ba a tsomawa sau biyu. Sai ga babanku, mutumin da ya taɓa korar mai ciniki don ya sa cokali a tukunyar romo, ya gatsa tsirensa ya sake mayar da shi cikin miya. Matar da ke da wurin ta daka masa tsawa, ta ce Baba, daga wane daji aka kamo ka? Ya miƙe ya sunkuya mata har goshinsa ya kusa taɓa tebur. Ban yi dariya ba, don na san hankalinsa ba ya wurin.

Da safe na farka ban gan shi ba. Can sai ga shi ya shigo yana hura hanci, wai tsarabar maƙwabta ta yi yawa, akwati ya ƙi rufuwa, shi ya sa ya kai kayansa masu datti kantin da ke karɓar aike aka aika da su gida. Na ce ya kyauta. Da ya shiga banɗaki na ɗaga murfin akwatin. Kayan dattin suna nan cif, har safar da ya cire jiya. Labulen ne babu.

Kyoto kuwa ban san me na gani ba. An ce mun shiga wuraren ibada, ga hotuna ma a wayata, amma ni zuciyata na Matsumoto. Washegari Chizuru ta aiko min da hoto ba tare da ko kalma ɗaya ba, ƙofarmu ce da labule yana kaɗawa. Daga baya maƙwabciyarmu Kinue ta ba ni labarin abin da ya faru a bayanmu. Duk safiyar da shagon yake rufe yayarka ta tashi a kan lokaci, ta kwaɓa, ta murza, ta yanka, ta dafa romo kamar za a buɗe, sannan ta zuba a kwanuka ta bi gidajen tsofaffin layinmu tana rabawa. Kinue ta ce mata wahalar me take sha haka, yayarka ta ce hannu ba ya zuwa hutu.

Mun sauka a tasha da rana tsaka, muka tarar furen garinmu ya buɗe a bayanmu, wanda muka je nema har Osaka ga shi a bakin ƙofa. Daga kan kwana muka hango layi. Na nufi ƙofar baya yadda muka saba, sai na ji babu takunsa a bayana. Na waiga, ga babanku a ƙarshen layi da akwatinsa, tsakanin wasu ɗalibai da tsoho Heikichi mai gyaran agogo. Heikichi ya ce masa yau kuma mai gida ne a layi, ko an kore shi ne? Babanku ya ce rufe min baki, yunwa nake ji. Na koma na tsaya kusa da shi. Da layi ya zo kanmu ya sunkuyar da kai ya shige ta ƙarƙashin labulen, abin da ban taɓa ganin ya yi ba tun da na aure shi, ya zauna a kujerar masu ciniki.

Chizuru ta yi mana maraba kamar yadda take yi wa kowa, ta ajiye masa taliya ba ta ko dube shi ba, amma ni na ga kunnuwanta sun yi ja. Ya ɗaga sili ɗaya ya duba a haske, ya sansana, sannan ya ja ta da ƙara har ɗaliban suka waigo. Bai bar ko sili ba. Ya tsiyaya ruwan dahuwar a sauran romon ya shanye tas, ya ajiye kofin, ya ce yankan ya ɗan fi nasa kauri. Na ji kamar in kwaɗa masa tire. Sai ya ƙara da cewa, ga garin soban bana hakan ya fi.

Da aka tashi, yayarka ta fita ta sauke labulen, ta naɗe, ta miƙa masa da hannu biyu don ya ajiye a inda ya saba. Ya mayar da hannayensa baya. Ya ce shi abinci ya zo ci, tun yaushe mai ciniki ke ajiye labulen shagon mutane? Wadda ta sauke ita za ta rataya gobe, da jibi ma. Ya haye sama yana ƙorafin gwiwa. Chizuru ta tsaya riƙe da shi a ƙirjinta, sai a lokacin ta yi kukan da ta hana kanta tun ranar da muka tafi, ni ma na taya ta. A ranar ta kira mutanen Tokyo ta ba su haƙuri.

Ina alfahari da 'yata, Naoyuki, alfaharin da ban san inda zan sa shi ba. Ina alfahari da tsohon nan mai taurin kai ma, amma kada ka kuskura ka faɗa masa. Yanzu da safe yana fita da tsintsiya yana share furen da ya zuba a ƙofar shago, duk wanda ya wuce sai ya tare shi ya ce ya ɗanɗana taliyar mai shagon kuwa? Kai kuma ka sauke nauyin da ka daɗe kana ɗauka. Jiya da kansa ya tambaye ni yaushe jirginka zai fara tafiya, wai yana so ya hau.

Ka gai da Ikumi da kyau, ka ce mata na sa busasshen ganyen teku da garin shayi a cikin kayan da ke tafe. Ka shafa min kan Hinako, ka ce kakarta ta sayo mata 'yar tsana a Kyoto. Gwaggonka Setsu tana gaishe ku, haka Kinue da Heikichi. Babanku ya ce a ce maka ka riƙa sa hula a rana. Yayarka ta ce in kun zo hutu kada ka zagaya ta baya, ka shigo ta gaba, ka sunkuyar da kai, kuma ka bi layi kamar kowa.

Mahaifiyarka mai kewarku kullum,
Fusae