Indo, an gano sunan zazzaɓin

Zuwa ga maiɗakina, marigayiya Indo.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan rahamar Allah tana tare da ke, ina sanar da ke cewa Auta ta kwanta ciwo, irin kwanciyar ajalin da kika yi shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a. Zazzaɓi, ciwon kai, ya sake ta kwana biyu ya kuma kama ta. Aka yi ta yi mata allurar zazzaɓin cizon sauro, ba sauƙi. Ita kaɗai ke leƙo ni daga Sandamu. Na zauna a zaure ina tunanin wa zai rufe mini ido.

Kin tuna ragunan da kike turkewa don layya? Da hantsi ki ɗora kan rago a cinya, ki bi kunne da ƙasan wutsiya kina cire kaska, ki fasa ta tsakanin farcenki, jini ya fantsama. Kikan ce dabba mai kaska abin kunyar matar gida ce. Auta ta gaje ki, har yadda kike goge hannu a zani.

Wata likita ta tambaye ta ko tana kiwo. Ta ɗebi jininta, ta sa aka kawo kaskar ragunanta a kwalba, aka aika ɗakin gwaji. A saninmu na da, abin da madubin likita bai nuna ba, babu shi. Yanzu wai kowace ƙwayar cuta tana da rubutun halittarta, na'ura ta karanta shi baƙi bayan baƙi, ta faɗi danginta. Rubutun da ke jinin Auta shi ne a cikin kaskar. Sun faɗa mini sunan, harshena ya kasa.

An canza mata magani. Jiya ta sha kunu da hannunta.

Ya kamata in yi murna, Indo, na kuma yi. Amma na karɓi kwalin maganin na juya shi, na gane shi. Yana nan a kantin bakin kasuwa tun kina raye. Ta gabansa muka wuce da ke a amalanke zuwa asibiti. Likitar ta ce ba za a iya tabbatar da naki ba, tunda babu jininki. Ban yi musu ba.

Allah ya haskaka kabarinki, ya tashi kafaɗar Auta, ya sada mu a Aljanna. Turkenki yana nan, ban bari an cire ba.

Naki,
Malam