Barcin Da Ya Wuce Da Ni Zonkwa

Zuwa ga maigidana, Baban Rifkatu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Na sani sarai ba za ka karanta wannan takarda ba, babu gidan wayan da ke kai saƙo inda kake. Amma labari ya cika mini baki, in ban gaya maka ba sai in fashe. Daga Zonkwa nake rubuto maka, gidan 'yarmu. Wajen surukinka Malam Ishaku na aro biro, bai ko tambaye ni wa zan rubuta wa ba.

Ka zama kaka! Rifkatu ta sauka lafiya, an sami mace, baƙa wuluk, ga faɗin goshi irin naka. Akwai kuma wani labarin, kada ka yi mini dariya: na yi barci. Barci na gaske, har da dalalar yawu.

Ba za ka gane girman wannan ba sai na gaya maka abin da ya same ni bayanka. Ka tuna yadda ka tafi? Ko kai ma ba ka sani ba? Ka ci tuwon accarka, ka wanke hannu, ka ce in tashe ka da asuba domin kana da aiki a jirgin ƙasa na Inugu. Da asuba na taɓa ka, na ji ka yi sanyi. A gefena kake, tabarma ɗaya, bargo ɗaya, ban ji komai ba. Ni da na yi shekara da shekaru ina ƙorafin minsharinka.

Tun daga ranar barci ya zama mini abin tsoro. Da zarar ya fara ɗaukata sai in ji kamar na zame cikin rami, zuciyata ta hau bugawa kamar ana sussuka, in zabura in zauna ina laluben ƙirjina. Sai wani abu ya ce mini, Ladi, in kika sake kika rufe ido, ke ma shi ke nan. Bayan an karɓe mana ɗakin kwatas na reluwe na koma bayan kasuwa, can ma tsoron bai bar ni ba. Nakan jingina da bango da fitila a kunne har zakara ya yi cara. Kowace yamma sai na wanke tukwane tas, na ninke zannuwana, na share ɗaki, domin in an zo an tarar da ni da safe kada a ce ƙazama ce. Da rana kuwa ina gyangyaɗi a kan tiren citta, masu saye suna tashe ni.

Likita ya sa abin aunawa a ƙirjina, ya ce zuciyata lafiya lau, ya ba ni ƙwayar barci. Yaya zan sha abin da zai hana ni farkawa? Fasto ya yi addu'a, matan zumunta sun zo sun yi mini waƙoƙi har muryarsu ta dushe. Na gode musu, amma suna fita tsoron ke dawowa ya zauna a wurinsa.

To, makon jiya aka aiko cewa Rifkatu ta kusa. Ruwa ya cinye hanyar mota tsakaninmu da Zonkwa, ba yadda zan yi sai jirgi. Tun rasuwarka ban taka tasha ba, ko kukan jirgi na ji sai in kau da kai. Na ɗaura acca da citta da daddawa, na nufi tasha. Ka san me ya jawo taragun ranar? Ba sabon injin dizal ɗin nan da kake cewa ba shi da rai ba. Tsohon injin gawayi ne, irin wanda ka ƙare ƙarfinka kana zuba wa wuta!

Na sami wuri kusa da wata dattijuwa Bafulatana, za ta Kaduna a duba mata ido. Da idon nan nata marar lafiya ta dube ni ta ce, 'yar nan, yaushe rabonki da barci? Ban san abin da ya buɗe mini baki ba. Abin da ban iya gaya wa Rifkatu ba, shi na zazzage wa baƙuwa: daren nan, sanyin jikinka, ramin, tukwanen. Ba ta yi mini wa'azi ba. Ta gyara zama kawai, ta buga kafaɗarta, ta ce in jingina. Wai ta sha kwana tana gadin numfashin ɗan maraƙi marar lafiya, nawa ba zai gagare ta ba. In ya canja ko kaɗan za ta girgiza ni.

Na ce a raina bari in rufe ido don kada in kunyata ta. Hayaƙi yana shigowa ta taga, warin rigarka sak in ka dawo daga aiki. Ƙafafun jirgi suna ta bugawa a ƙarƙashina. Ramin ya zo, na ji shi, zuciyata ta fara. Sai na ji hannunta a bayana, na ƙyale kaina na tafi.

Baban Rifkatu, a Kaduna na farka! Kaduna! Na wuce Zonkwa, na wuce kowace tasha, ban san an yi ba. Ashe na gaya wa matar nan komai na rayuwata, ban gaya mata inda zan sauka ba. Kafaɗarta ta mutu, mayafinta ya jiƙe da yawuna, amma ko motsi ba ta yi ba duk tsawon hanyar. Na tsaya a dandamalin tasha ina dariya ina kuka, mutane suna kallona kamar mahaukaciya. Na yi barci, na kuma tashi! Jikina sakayau, yunwa kamar in ci tukunya guda. Na rungume ta, ta ce in yi sauri 'yata na jira. Ko sunanta ban tambaya ba. Inna kawai na kira ta.

Mai duba tikiti ya tare ni zai yi faɗa. Da na ambaci sunanka sai ya cire hula, ya ce kun taɓa aiki tare. Da ya ji abin da ya faru ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya raka ni da kansa inda ake shiga mota. Muka biyo ta Maraban Rido da Kaciya, direba yana ta tsaye-tsaye, ni kuwa ina ta roƙon Allah kada yarinyar nan ta haihu babu uwa a kusa. Na iso na tarar Malam Ishaku ya je tasha ya dawo hankali a tashe, naƙuda kuma ta fara. Ni na riƙe Rifkatu. A hannuna jikarka ta yi kukanta na fari.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Na yi fushi da kai ƙwarai. Me ya sa ba ka taɓa ni ba? Me ya sa ko tari ba ka yi ba? Nakan zauna ina tunanin ka sha wuya kai kaɗai cikin duhu, kana nemana ina barci. Amma a motar nan na yi ta juya abin. Ni da na wuce Zonkwa ban ji zafi ba, ban ji tsoro ba, ban ma san na wuce ba. In haka taka tafiyar ta kasance, to ba ka sha wuya ba, maigida. Fushina ya sauka a hanyar Kaciya.

Ba zan yi maka ƙarya ba, tsoron bai tafi duka ba. Yakan leƙo in na kwanta, amma yanzu na san fuskarsa, nakan yi addu'ata in juya masa baya. Rifkatu ce ma ta karɓe ni: kullum yatsanta yana ƙarƙashin hancin jaririya, wai tana duba ko tana numfashi. Nakan ce mata ta kwanta, ni ina nan, idona biyu. Ka ji wai ni ce mai ba wani ƙarfin hali!

Ran Lahadi za a kai jaririyar majami'a, sunanta Godiya. Ruwan wanka ya tafasa, ga ta can ta fara tsala kuka, dole in ajiye biro.

Ka huta lafiya a wurin Ubangiji. Za mu sadu, amma kada ka sa ido a hanya da wuri. Ina da goyo a gabana.

Taka har kullum,
Ladi, Kakar Godiya