Ruwan Madam Kamla a Gindin Lemona

Sokodé, Janairu 1993

Yaya Ummusalma,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Malam da yara da duk mutanen Dapaong. Yaya ƙafar taki?

Yaya, ashe sakarai nake aure. Kin san Madam Kamla, tsohuwar Ba'indiyar da nake yi wa girki. Tana da wata 'yar butar tagulla liƙaƙƙiya, cike da ruwan babban koginsu, wanda ta ɗebo da hannunta shekarar da ta je ziyarar ibada. Kullum da safe sai ta kunna fitila a gabanta, wai Ubangijinta na kusa da ita kamar suna tabarma ɗaya. Ni dai nakan taɓe baki in ci gaba da yankan albasata. Amma ta ba ni amana: ranar da za ta cika in ɗiga mata ruwan a baki, tunda yajin aikin nan ya tsare ɗanta a Lomé.

To, ranar da aka fasa shagonsu har aka kutsa cikin gida, Alidu nawa, gwarzon dimokuraɗiyya, wanda ko sunan jam'iyyarsa bai iya faɗa daidai ba, ya bi ayari. Wasu suka kwashi atamfa, shi ya sungumo butar, wai abin da aka liƙe haka sai zinariya. Ya ɓalle bakin a tsakar gidanmu, ya ga ruwa, ya ja tsaki ya tuttular a gindin lemona. Mutumin da ke ɓoye zamzam ɗin uwarsa a ƙasan akwati!

Ga jikin Madam Kamla ya ƙi, ni kuma na rasa bakin gaya mata. Kunya kamar in nutse.

Ƙanwarki,
Lauratu

Sokodé, Fabrairu 1993

Yaya Ummusalma,

Ina gaishe ku duka, Allah ya ƙara miki sauƙi.

Na daure na gaya mata, ina jiran zagi. Sai cewa ta yi a kawo ta gidanmu a unguwar Zongo. Ta durƙusa a gindin lemon, ta shafa ƙasar a goshi, ta ce kogi ba ya ɓata, hanya kawai ya sake. Gwarzon naki yana maƙale a banɗaki har ta tafi.

Ranar Talata ta cika. Kafin ranta ya fita na tsinko lemo daga bishiyar na matsa mata a leɓe, ta haɗiye tana kallona. Yaya, na yi kuka. Ban san me Malam zai ce ba, addininta nata ne, ni dai amana na sauke.

Ko kwana ba a yi ba Alidu ya zo yana sosa ƙeya, wai ko maƙera za su sayi tagullar. Ban ko ɗaga kai ba. Butar tana hannuna, da ita nake ba lemon ruwa kowace safiya in na idar da sallah.

A gaida Malam da yara.

Ƙanwarki,
Lauratu